Yadda ake ɗanɗana giyar gida mara nauyi a ƙaramin maki

Nan Yamai mafi yawan masu zama maki giya iri biyu kawai suka sani, mai sanyi da wadda ba ta yi sanyi ba. In ta fito daga firigo tana zufa to shi ke nan mai kyau ce, in ta ɗan huce a kira yarinyar sabis a yi mata faɗa. Alhali sanyin nan da ake yabo shi ne babban mai rufa wa lalatacciyar giya asiri, balle irin laga, wato giyar kwalba mai haske, mara nauyi ɗin nan da wasu ƙananan wurare ke manna wa sunansu su ce tasu ce ta gida.

Bayanin nan na sabon yaron da aka ɗauka aiki bayan kanta ne, da mai maki da ke son ya san abin da yake sayar wa mutane, da kuma babban da ya riga yana sha. Na san garin da muke, mafi yawanmu Musulmi ne kuma hukuncin giya a addini ba ɓoyayye ba ne, ba kiran kowa nake ba. Wanda bai kai shekara 18 ba, mace mai ciki, wanda ke kan magani, da wanda zai hau moto ko ya tuƙa mota, wannan aikin ba nasu ba ne sam. Na daɗe ina yi wa masu maki wannan aikin duk lokacin da sabon kaya ya sauka, ga yadda nake bi.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Kwalba biyu na giyar gidan, ko kofi biyu in daga tano, wato gangar giya mai famfo, ake zubo ta. Biyu nake cewa don wani lokaci kwalba ɗaya ce ta samu matsala, sauran kaziyen lafiya lau, kar ka yanke wa kaya duka hukunci da kwalba guda.

Kwalba ɗaya ta wata laga da ka sani sosai, wadda bakinka ya saba da ita. Ita ce ma'auninka.

Kofin gilas fari tas wanda ba zane ba launi, aƙalla uku, kuma duk iri ɗaya. Wanda bakinsa ya ɗan tsuke ya fi, yana tara ƙamshi. In babu, tambulan na shan ruwa ma ya yi. Kofin roba da na silba ka bar su, roba na riƙe warin abin da aka sha jiya, na ƙarfe kuma ba ka ganin komai a ciki.

Ruwan sha mara sanyi sosai, da burodi busasshe wanda ba a shafa masa komai ba, don goge baki tsakanin kurɓa da kurɓa. Farar takarda guda. Biro da ɗan littafi, ko ka rubuta a waya. Mabuɗin kwalba na kirki, ba haƙori ba, ba bakin tebur ba. Ma'aunin zafi in kana da shi, in ba ka da shi zan faɗi dabara a gaba.

Sai abin da ba a saye da kuɗi: baki da hanci masu tsabta. Kar ka ci goro, kar ka sha taba ko shayi mai na'ana'a, kar ka taɓa kilishi ko tsire mai yaji aƙalla awa guda kafin ka fara. Turare ma ka bar shi ranar, kai da wanda zai zauna kusa da kai. Kuma ka zaɓi wuri nesa da mai gasa nama, don in hayaƙin balangu na bugun ka ba abin da hancinka zai ji sai balangu. Lokacin da ya fi shi ne da la'asar kafin mutane su cika, da sauran hasken rana, ka ɗan ci abinci mara yaji tun da rana don kar ka yi aikin da yunwa.

1. FARA DA TAMBAYA DA KARANTA TAKARDAR KWALBA

Kafin ka buɗe komai ka tambayi mai wurin wa ya dafa giyar. Ƙaramin maki da wuya ya iya dafa laga da kansa, don ba kamar burkutu ko capalo ba ce da ake dafawa a tukunya a sha cikin ƴan kwanaki. Yis ɗin laga a sanyi yake aiki, wajen digiri 8 zuwa 13, a hankali, bayan nan kuma a ajiye giyar makonni a sanyin da ya kusa sifili har ta kwanta ta washe. Ka duba garin da a watan Afrilu da Mayu zafi ke wuce digiri 40 ga ɗauke wuta, ka ga tankin sanyi na makonni ba ƙaramin jari ba ne. Saboda haka galibin abin da ake kira giyar gida wani kamfani ne ya dafa, mai maki ya saya ya sa sunansa. Wannan ba laifi ba ne, haka ake yi a ƙasashe da yawa. Laifin shi ne mai wuri ya kasa gaya maka inda ta fito.

A takardar ka nemi abu huɗu: sunan inda aka dafa, ƙarfin giyar, ranar da aka zuba ko ranar ƙarewa, da abin da aka haɗa. Laga ta yau da kullum tana wajen kashi 5 cikin 100, mara nauyi kuma galibi tsakanin 3 da rabi zuwa 4 da ɗan abu. In ka ga an rubuta masara ko shinkafa ko dawa kusa da malt ɗin sha'ir, wato sha'ir da aka jiƙa ya tsiro aka busar, kar ka ce an cuce ka, da gangan ake sa su don jikin giyar ya yi sauƙi. Maƙwabtanmu Najeriya ma lokacin da aka hana shigo da malt ɗin sha'ir a 1988 kamfanoninsu suka koma kan dawa da masara, kuma suka ƙware a kai.

Sai ka juya kwalbar ka duba marfi. In ya lanƙwashe, ko haƙoransa ba su kama bakin kwalba daidai ba, ko akwai tsatsa ja da ta zagaye wuyan, ajiye ta gefe. Ka jera kwalabe uku ka ga ko giyar ta tsaya a tsayi ɗaya a wuyansu, inji ba ya zuba wannan sama wannan ƙasa. Kwalbar da ba takarda, ba rana, ba sunan kowa, kuma marfinta kamar da hannu aka danna, ni ba na kai ta baki ko kyauta ce, kai ma kar ka kai.

Launin kwalba ma magana ne. Mai ruwan ƙasa ta fi kare giya daga haske, koriya kaɗan take karewa, fara kuwa kusan babu. Riƙe wannan, za mu dawo kansa wajen hanci.

2. DAIDAITA SANYI

Nan ne kusan kowa ke faɗuwa. Ana shan laga mara nauyi tsakanin digiri 3 zuwa 7, amma sha daban ɗanɗanawa daban. Sanyi mai tsanani yana kashe harshe na ɗan lokaci kuma yana danne ƙamshi ya hana shi tashi daga kofi, mai daɗin da mara daɗin duka. Shi ya sa giyar da ta kwana uku a rana in aka daskarar da ita sai ta wuce maƙogwaro ba wanda ya ce uffan.

Ni ina fara ɗanɗanawa a wajen digiri 6 ko 7, in sake a wajen 10 zuwa 12. In ba ma'auni, ga dabara: fito da kwalba daga firigo ka ajiye a inuwa. Lokacin zafi minti uku zuwa biyar ya isa, lokacin ɗari a Disamba ko Janairu ka ba ta kamar minti goma. Ka riƙe ta a tafin hannu, in sanyin na cizon hannu har kana son sauya hannu to da saura, in kana iya riƙewa kana jin sanyi mai daɗi ta yi.

Abu biyu ne ba a yi. Na farko jefa ƙanƙara cikin kofi, wanda na san al'adar wasu ce a nan kuma ba ruwana da yadda mutum ke shan abin da ya saya, amma wajen gwaji haramun ne, giyar da dama ba ta da nauyi in ka ƙara mata ruwa me ya rage, ga shi ba ka san da wane ruwa aka yi ƙanƙarar ba. Na biyu cusa kwalba cikin firigon ƙanƙara don a yi sauri. Giya na daskarewa a wajen digiri 2 ƙasa da sifili, in ta daskare ta narke sai ta yi hazo, wani lokaci har ka ga ƴan fararen abubuwa na yawo ciki, gas ɗin ma ya ragu, wani lokaci kwalbar ta fashe gaba ɗaya.

In wuta ta ɗauke kuma ba gurup, wato injin wuta, sami bokiti ko kula ka zuba ƙanƙara da ruwa rabi da rabi, ka watsa gishiri cikin hannu guda, ka nutsa kwalaben har wuya. Cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin sun yi. Ruwa da ƙanƙara sun fi ƙanƙara zalla saurin sanyaya kwalba don ruwan na taɓa ko'ina a jikinta. Ka dai goge bakin kwalbar da kyau kafin ka buɗe saboda gishirin.

3. WANKE KOFI KAMAR DA GASKE

Rabin giyar da ake zagi a maki ba ita ke da laifi ba, kofi ne. Maiƙo shi ne maƙiyin kumfa, ko na miya, ko na tsire, ko jan baki, ko sabulun da ba a ɗauraye ba. Kofin giya da sosonsa daban, ba wanda ake wanke kwanon miya da shi ba. A wanke, a ɗauraye sosai da ruwa mai kyau, a kife a kan abin da iska ke shiga ta ƙasa ya bushe da kansa. Tsumman nan da ke rataye a kafaɗar yaron sabis, wanda ya goge tebur da shi ya goge hannu da shi, kar ya kusanci cikin kofi.

Gwaji mai sauƙi: tsoma kofin a ruwa ka ɗaga ka kife. In ruwan ya sauka shimfiɗe bai ɗaya to kofi ya wanku, in ya tsaya ɗigo-ɗigo akwai maiƙo. Ko ka jiƙa cikinsa ka barbaɗa gishiri, duk inda gishirin ya ƙi kamawa nan dattin yake, sai ka sake wankewa. Ka kuma shinshina kofin tun ba komai ciki. In kana jin warin kabad ko na ruwan Javel, koma famfo. Daf da zubawa ka ɗauraye shi da ruwan sanyi, kar ka zuba giya mai sanyi a kofin da ya sha zafin rana.

4. BUƊEWA DA ZUBAWA

Kasa kunne lokacin buɗewa. Ƙarar "tsss" gajera mai kaifi ake so. In shiru ka ji, gas ya gudu ta marfi. In kuma kumfa ta yi ta ambaliya alhali ba wanda ya girgiza kwalbar kuma da sanyinta, alama ce ta wani abu ya shiga yana aiki a ciki, ka rubuta.

Karkata kofi rabi, ka zuba a jikin bangonsa a hankali har ya kai rabi, sannan ka miƙe shi ka zuba a tsakiya don kumfa ta tashi kamar kaurin yatsa biyu. Kar bakin kwalba ya taɓa kofi, ka san inda kwalbar nan ta kwana a depo. Na san akwai masu cewa a zuba musu ba kumfa wai kumfa asara ce, to wajen gwaji dole sai da ita, ita ke ɗauko ƙamshi ta kawo hanci, kuma zubawa da kumfa na rage gas ɗin da zai je ya kumbura maka ciki. Kar ka cika kofin, bar kamar kashi ɗaya cikin uku fanko inda hanci zai shiga.

In daga tano ne, a zubar da kofin farko na ranar, wanda ya kwana cikin tiyo. Amma kafin a zubar ka shinshina shi, shi zai gaya maka gaskiyar tsabtar tiyon. A buɗe famfon gaba ɗaya lokaci guda, buɗe shi rabi-rabi kumfa zalla yake kawowa.

5. KALLO

Ɗaga kofi a gaban farar takarda inda haske yake. Launi ya kamata ya zama ruwan ɗorawa mai haske sosai, garau, har ka iya ganin yatsanka ta bayan kofi. Tun 1842 da Josef Groll ya dafa laga mai haske ta farko a garin Pilsen na ƙasar Cek, wannan washewar ita ce alamar irin giyar nan. Hazo a giyar alkama ba komai ba ne, a laga mara nauyi kuwa tambaya ce. In launin ya ja ya yi duhu fiye da yadda ka saba gani, tsufa ne ko zafi.

Kumfa fara ce, amma kar ka sa ran ta daɗe kamar ta giya mai nauyi, ta wannan tana saurin kwanciya. In dai ta ɓace cikin ƴan daƙiƙu kamar ta lemun kwalba, ko ka ga ƙwayoyin gas sun manne a jikin kofi gungu-gungu, koma mataki na 3.

6. HANCI, INDA AIKIN YAKE

Shinshina nan take bayan zubawa, don wasu warin da wuri suke tashi su gudu. Ja numfashi gajere sau biyu ko uku, ba dogon ja ɗaya ba, hanci na saurin gajiya. Sannan rufe bakin kofi da tafin hannu, juya shi a hankali sau uku, buɗe ka sake shinshinawa. In hancinka ya toshe da ƙamshi, shinshina bayan hannunka ko hannun rigarka, zai dawo daidai.

Laga mara nauyi mai lafiya ba ta da hayaniya. Ɗan ƙamshin hatsi, kamar na cikin burodi, wani lokaci ɗan zaƙin masara, da ɗan ƙamshin ganye na hublon, wato furen da ake sa wa giya don ɗaci, can nesa in ma akwai. Shi ke nan. Sabon shiga yakan ce "ni ban ji komai ba", to sau da yawa wannan shi ne labari mai daɗi. Wahalar dafa irin wannan giyar ke nan, ba ta da ɗaci mai yawa ko gasasshen malt da zai rufe kuskure, ƙaramin aibi a fili yake tsaye. Don haka aikinka neman abin da bai kamata ya kasance ba ne:

Warin bodari, ko na roba da ta ƙone. Haske ne ya bugi giyar. Hasken rana, har da na wasu fitilun firigo, yana fasa sinadarin ɗacin hublon ya mai da shi wani abu mai wari da hanci ke kamawa ko kaɗan ne. Ba ya buƙatar kwanaki, kofi a rana tsaka cikin ƴan mintuna ya fara. Akwai wani maki can wajen bakin kogi da mai shi ya yi ta kuka da kamfani wai kayansu ya lalace, da na je sai na tarar da kaziyoyin korayen kwalabe jere a jikin katangar yamma, daga azahar har magariba rana na dukan layin sama, na ƙasa kuma da ke cikin inuwa lafiyarsu ƙalau. Buhu biyu aka rufa a kai magana ta ƙare.

Warin jiƙaƙƙen kwali ko tsohuwar takarda. Iska ce ta shiga, ko giyar ta tsufa, kuma zafi na ninka saurin wannan. Wannan shi ne ciwon da ya fi yawa a ƙasar nan. Ka tuna kayan da a da ke shigowa daga tashar jirgin ruwan Kotonu kusan kilomita 1,000 suke yi a bayan babbar mota kafin su iso Yamai, wanda ya biyo ta Lome da Burkina ya fi haka, wanda za a kai Tawa kuma ya ƙara fiye da kilomita 500 ta Doso da Dogon Dutsi da Konni. Ranar ƙarewa na iya nuna saura wata huɗu amma giyar ta riga ta tsufa a hanya.

Ƙamshin man shanu, tare da santsi a harshe. Ko dai an yi gaggawar fitar da giyar kafin yis ya gama share bayansa, ko kuma tiyon tano ya yi datti. In a kwalba ka ji, laifin masu dafawa ne. In a tano kawai ka ji, tambayi yaushe aka wanke tiyo, ƙa'ida duk sati biyu ne.

Ƙamshin dafaffiyar masara. Kaɗan ba laifi a wannan irin, daga malt yake zuwa. In ya kai kamar ruwan dafa kabeji to ya wuce.

Ƙamshin ɗanyen tuffa, giyar ba ta nuna ba aka fito da ita. Warin ashana ko ɗan na ƙwai da ke gudu bayan minti ɗaya, yis ɗin laga kan bar wannan, ka jira ka sake ji, in ya tafi ka manta da shi, in ya zauna matsala ce. Tsami kamar na binegar ko nono, ƙwayoyin cuta sun shiga, nan gwaji ya ƙare, ba sai ka kai baki ba.

7. BAKI

Kurɓar farko ta wanke baki ce, kar ka yanke hukunci da ita. Ta biyu ka ɗauki kamar cokali biyu, ka bar ta ta zagaya harshe duka na ƴan daƙiƙu, ka haɗiye, sannan ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. A wannan numfashin ne kwali da man shanu ke fitowa fili in sun ɓuya ɗazu. Giya sai an haɗiye ake sanin ƙarshenta, shi ya sa kurɓar ke zama ƙanana.

Abin da kake bi da hankali: farko ɗan zaƙin hatsi, tsakiya gas mai tsinin da ke wasa a harshe, ƙarshe ɗan ɗaci siriri da ke share baki ya tafi. Kalmar da nake nema a raina ita ce tsab. Bayan ka haɗiye da daƙiƙa goma bai kamata wani abu ya manne maka ba. In zaƙi ya zauna yana danƙo, ba ta gama nuna ba ko an cika mata sukari. In bauri ne kamar ka tauna ɓawon goro, ko ɗanɗanon ƙarfe kamar ka lashi tsabar kuɗi, ka duba marfi, sau da yawa tsatsar bakin kwalba ce, zuba ta biyu ka gani.

Sai ka bambance mara nauyi da salam. Mara nauyi tana da ɗan jiki, kana jin hatsi ko yaya. Wadda ta zama ruwa mai gas kawai, ba farko ba ƙarshe, ba ta lalace ba amma ba ta cancanci mutum ya sa sunan wurinsa a kanta ba, ra'ayina ke nan, wani zai ce ai dama don kashe ƙishi ake shan ta.

Tsakanin kofi da kofi, ruwa da ɗan burodi.

8. BAR TA TA HUCE KA SAKE

Ajiye kofin a inuwa minti biyar zuwa bakwai, rufe da takarda saboda ƙuda, ka sake bin mataki na 6 da na 7. Giya mai kyau in ta huce hatsinta ke ƙara fitowa, ba za ta yi daɗin sha kamar da sanyi ba amma ba za ta ba ka haushi ba. Mai aibi kuwa nan take tona kanta. Wannan gwajin na fi yarda da shi a kan duk sauran, kuma shi ne ainihin abin da mai saye ke fuskanta, don babbar kwalba a teburin Yamai ba ta ƙarewa da sanyin da ta zo da shi.

9. GWADA TA DA WATA, IDO A RUFE

Suna da takarda na ruɗin baki, balle in mai wurin na tsaye a kanka yana murmushi. Sa wani ya zuba kofi uku a bayanka, biyu giya ɗaya, ɗaya daban, sanyinsu ɗaya, yawansu ɗaya, ya sa alama a ƙasan kofi. Aikinka ka fitar da bare. Ka sani ko da ka-cici-ka-cici mutum na iya dacewa sau ɗaya cikin uku, don haka a sake jerawa, ko a samu mutum uku ko huɗu kowa ya gwada ba tare da sun yi magana da juna ba. In ba wanda ke iya raba giyar gidan da wadda ake sayarwa ko'ina, to ko dai ita ce aka sauya wa riga, ko kuma ba dalilin da zai sa kuɗinta ya fi. In kofuna ba su kai uku ba, yi da biyu, a tambaye ka iri ɗaya ne ko daban.

10. RUBUTA, SANNAN KA NEMO INDA LAIFIN YA FITO

Rubuta tun kana wurin: rana, lambar da ke jikin kwalba, launi, kumfa, abin da hanci ya ji da sanyi da kuma bayan ta huce, sai hukunci, a sayar ko a mayar. Da kalmominka na gida, ba sai ka ari na Turawa ba, in warin tsohuwar tabarma ka ji rubuta haka, gobe kai za ka gane.

In ka samu aibi, buɗe kwalba ta biyu daga wani kaziye. Ɗaya ce kawai ta lalace, marfi ne. Na sama sun lalace na ƙasa lafiya, rana ce. Duka kayan da suka zo rana ɗaya suna warin kwali, hanya ce ko depo. Kwalba lafiya tano ba lafiya, tiyo ne ko tanon ya daɗe a buɗe. Kowane zuwa da irin aibinsa ɗaya, to daga wurin dafawa ne, sai mai maki ya ɗauki littafin nan ya je ya same su da shi. In za ka gaya masa, ja shi gefe, "patron, zo ka ji wani abu", ka miƙa masa kofin da ya huce ya shinshina da kansa, kar ka yi a gaban masu saye.

Wajen ajiya kuma, sabon kaya a baya tsoho a gaba, kwalabe a tsaye, ɗaki mafi duhu da sanyi a gidan, nesa da gurup da wurin gashi.

Ka kuma yi lissafin abin da ka haɗiye, don kalmar mara nauyi na yaudarar mutane. Babbar kwalba mai santilita 65 a kashi 4 tana ɗauke da barasa zalla mililita 26, ƙarama mai santilita 33 a kashi 5 kuma mililita 16 da rabi. Wato babbar mara nauyi ta fi ƙaramar mai nauyi bugu nesa ba kusa ba. Gwaji gaba ɗaya bai kamata ya ci fiye da kofi guda ba in an haɗa kurɓe-kurɓen, sauran a zubar, kuma kar ka gwada fiye da iri uku ko huɗu a zama ɗaya don daga nan harshe ya daina faɗin gaskiya. Ka sha ruwa sosai, ka bar moton a inda yake ka tari taksi.